Ƙorai Bakwai da Audugar Tsiga

A Maska, zamanin da garin ke cike da masaƙa da marina, tun Turawa ba su san hanyar ƙasar nan ba, akwai wani mai zanen ƙwarya ana ce da shi Shitu. Ya iya aikinsa, wannan babu gardama. Matan Fulani kan kawo masa ƙorai daga rugage masu nisa, ya sa ƙarafansa a wuta, ya ƙona musu zanen da ubansa ya koya masa, wanda shi ma uban a wurin nasa uban ya gada. Kowane zane da sunansa. Akwai sawun kaza, akwai igiyar shanu, akwai wanda ake kira ganyen auduga. Shitu kan ce ko ido rufe zai yi su, kuma da alfahari yake faɗa. Alhali babu abin alfahari ga mutumin da Allah ya ba idanu biyu lafiyayyu, ya ce aikinsa ba ya bukatarsu.

Uwarsa Nana, wadda duk unguwa ke kira Tsohuwa, ita ce ta rasa idanun. Yanar ido ce ta rufe mata su, shekara uku ke nan. Amma ba ta ajiye mazari ba, kaɗinta take yi kullum a bakin ƙofar ɗaki, kuma yatsunta sun fi idon wasu gani.

Abu ɗaya ne ya dame ta. Ranar da aka kawo ta Maska aure daga Tsiga, ubanta ya ƙulle mata guryar audugar gonarsa a bakin zane. Shekara arba'in tana shuka ta a bayan ɗaki, gindi biyar ko shida, tsakanin kuɓewa da rama da yakuwa. A can Tsiga kuwa an daɗe da daina shuka wannan iri, saboda gashinsa yana manne wa gurya, mata na kukan wahalar gurza. A wurinta kaɗai ya rage. Da idonta ya tafi, awaki suka faɗa bayan ɗakin suka cinye komai. Abin da ya tsira bai fi cikin tafin hannu ba, gurya ce da ta ɓoye a ɗan tandu. Ta san gurya ba ta daɗewa a ajiye. In ba ta tsiro bana ba, irin gidan ubanta ya ƙare a duniya, kuma a hannunta ya ƙare.

Sai ta yanke cewa a mai da ita ƙasar da ta fito. Ɗanta na fari, Aƙilu, a Tsiga ya tashi a hannun kawunsa, kuma shi ke noma gonar kakan. Ta ba Shitu tandun ya kai masa, tun da dama kowane mako biyu yakan je Tsiga sayen duma wurin masu shuka shi. Tsohuwa ba ta faɗin sunan Aƙilu, ba ta zama ta yi hira da shi, ko gaisuwarsa a taƙaice take amsawa, kamar yadda kowace uwa mai kara ke yi da ɗan fari. Don haka ba ta da bakin da za ta titsiye shi da tambaya. Shitu ne idonta, shi ne kuma bakinta.

Da ruwa ya zauna, Shitu ya dawo daga Tsiga da jakinsa, yana sauke duma a tsakar gida, ta ce, "Ta fito?"

"Yaya ya ce ta fito, Inna."

"Ban tambaye ka abin da yayanka ya ce ba. Kai ka gani?"

Bai gani ba. Gonar na bayan gari, shi kuwa kasuwa ta kai shi. Zuwa na gaba ya tsinko ganye ɗaya ya sa a hula. Tafiyar wuni guda ce a rana, kafin ya iso ganyen ya yamutse ya yi laushi. Ta murza shi a yatsa ta yar.

"Wannan ai sai miya. Kuma kada ka sake tsinkar mini ko ɗaya. Ba kai ne mai zane ba? Zano mini ita a ƙwarya, in shafa in ji."

Shitu ya ji daɗi, don a ganinsa an zo wurin da ya fi kowa. Ya zaɓi masaki babba, ya kwana biyu a kansa, ya kewaye shi da zanen ganyen auduga na gado, layi uku, ko'ina daidai. Ko ƙofar gari bai fita ba. Ya kawo ya ɗora mata a cinya, ya tsaya yana jiran yabo.

Ta bi zanen da yatsa sau ɗaya.

"Wannan zanen ubanka ne."

"Ganyen auduga ne, Inna. Sunansa ke nan."

"Na san sunansa tun ba a haife ka ba. Bai taɓa yin kama da ganye ba. Na yi shiru ne a lokacin don mijina ne, kai kuwa ni na haife ka. Ajiye ta nan kusa da ni, kada ka sayar. Ka koma ka duba."

"To me zan duba? Faɗa mini kamanninta."

"In na faɗa maka abin da nake nema, shi za ka zano mini. Je ka zano abin da ke gonar."

Ya fita ransa a ɓace. Shekara talatin da biyar yana wuce audugar nan a bayan ɗakin uwarsa, yana ɗaukarta cikin kayan miya, kuma da za a sa masa wuƙa a wuya ba zai iya faɗin yadda ganyenta yake ba. Bai yarda da wannan a bakinsa ba, amma ya sani.

A zuwa na gaba ya ɗaure jaki a gidan Aƙilu ya wuce gona da ƙwarya da ɗan gawayi. An riga an yi noman firi, an rage shuka, kunyoyi sun yi tsaf. Ya tsuguna gaban gindi ɗaya da niyyar ya gama kafin rana ta yi zafi. Azahar ta same shi a wurin.

Abin da ya riƙe shi ke nan. Ganye biyu na ƙasa, waɗanda suka fara fitowa, ba su da yatsu ko kaɗan, kamar ƙodar akuya suke. Na samansu yana da tsini ɗaya. Sai na sama da shi ya rabu uku. Ganyen ba sa fitowa biyu-biyu suna fuskantar juna kamar yadda zanen gado ya nuna, ɗaya-ɗaya suke hawa suna kewaya karan. Jikin karan kuma cike yake da ɗigo-ɗigo baƙi kamar an yayyafa barkono. Ya duba na kusa, haka. Ya duba goma, haka. Ya shata da gawayi, ya goge, ya sake shatawa.

Aƙilu ya zo wucewa da fartanya a kafaɗa ya tsaya a kansa.

"Kai Shitu, ciki ne ya ɓaci? Tun hantsi kake tsugune a gonata."

"Yaya, ka san ganyen nan kewaya kara yake yi?"

"Ya kewaya har Katsina in ya ga dama, in dai zai ba ni auduga."

A gida ya ƙona zanen. Kowane mai zanen ƙwarya yana da wurin da yake gwada zafin ƙarfe kafin ya taɓa fuskar aiki, wato gindin ƙwaryar, inda za ta zauna a ƙasa babu mai gani. Shitu ya ɗan ja layi biyu a can, ya ji ƙarfen ya yi, sannan ya hau aiki. Wannan ƙwarya ta biyu ba ta kai ta farko girma ba, kuma ba ta kai ta kyau ba a idon mai saye. Tsohuwa ta daɗe tana shafa ta.

"Yanzu ne ka je gona," ta ce.

Kalma biyar ce, amma ta fi masa duk yabon matan rugage daɗi. Daga nan abin ya kama shi. Ya daina jiran mako biyu. Lokacin marka, ruwa na zuba, rafi na cika, yakan bar jakin ya tafi da ƙafa. Don ƙwarya ta uku ya zauna da ganye ɗaya da ya gama girma. Ya ƙirga jijiyoyinsa, ya juya bayansa ba tare da ya tsinke ba, ya ga wani ɗan rami a kan babbar jijiya inda tururuwa ke layi suna lasar wani abu. Ya taɓa da yatsa ya kai harshe, ya ji zaƙi. Ya yi dariya shi kaɗai a tsakiyar gona, har wata mata mai wucewa da itace ta sauya hanya.

A ƙarshen gonar akwai suri, wata 'yar magarya ta fito a jikinsa. Nan yake zama in rana ta yi zafi. Tsakanin surin da ƙayar magaryar, inda fartanya ba ta shiga, wani tsiro ya fito siriri, dogo, karansa ja-ja, ganyensa a tsattsage kamar yatsun hannu biyar, da ɗan haƙori a tsakanin yatsa da yatsa. Ya tambayi Aƙilu.

"Rama ce. Da yawa suka fito cikin kunyoyin, 'yan gayya suka cire. Wannan ƙaya ce ta cece ta."

Shitu ya yarda, don ta yi kama da rama. Amma siffar ganyen ta ba shi sha'awa. Da ya zo gwada ƙarfe a gindin ƙwarya ta uku, maimakon layi biyu sai hannunsa ya fitar da ganyen nan mai yatsu biyar, ƙarami, har da haƙoran.

Tsohuwa ta riƙe ƙwaryar a cinya ta bi ganyen da ke fuskarta. Faffaɗa ne, yatsu uku gajeru.

"Duk haka suke?"

"Duk audugar da na gani haka take, Inna."

"To."

Ta miƙa masa ya jera ta cikin ta biyu, ta biyu cikin ta farko, don kowace tana shiga cikin wadda ta gabace ta. Ranar ba ta ci tuwo da yawa ba.

Fure ne ya fi ba shi wahala. Ya tarar da gona da fure iri biyu, wani fari mai ruwan ɗorawa, wani ja. Ya ɗauka auduga iri biyu ce. Sai ya ga duka biyun a gindi ɗaya. Ya zare zare daga bakin rigarsa ya ɗaura a wuyan wani farin fure, ya kwana a Tsiga. Da safe furen da zaren ke wuyansa ya koma ja ya tsuke baki. Washegari ya faɗi ƙasa. Ya ruga ya gaya wa Aƙilu kamar wanda ya tsinci doki.

"Shekara nawa kana noman auduga, Yaya, ka san farin shi ne jan?"

"Na san in ya faɗi ƙululu ke biyo baya. Sauran kuma aikin marasa aiki ne."

Yadda zai nuna wa makauniya launi shi ne abin da ya tsaya masa. Ya yi ta gwadawa a kan sakaina har ya samu: farin ya kankare shi sama-sama ya yi santsi, jan ya ƙona shi da zurfi ya yi kaushi. Ya jera fure uku a jikin ƙwarya ta huɗu, na safiya, na washegari, da wanda ya faɗi. A gindinta kuma ya gwada ƙarfe da furen ramar suri, wanda ke da wani baƙin tabo a can cikin zuciyarsa. Rama dama haka furenta yake, bai yi mamaki ba.

Tsohuwa ta sa babban yatsa a tsakiyar furen safiya. Ta shafa, ta sake shafawa, kamar mai neman allura a tabarma. Santsi ne kawai. Shitu na kallon yatsan, ya gane akwai abin da take nema a wurin wanda babu. Bai tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba. Daga ranar mazarinta ya rage juyawa.

A ƙwarya ta biyar ƙululu ne, wato 'ya'yan audugar tun suna kore ba su fashe ba. A jikin ɗaya ya ga tsutsa ta huda ta shiga rabi. Ya so ya zana ta, amma ya tsaya ya tambayi maƙwabcinsa Malam Sada, mai koyar da yara a zaure.

"Itace da ganye babu laifi," in ji Malam Sada. "Mai rai kuwa ka bar wa Mai halitta. Tsutsa ma rai gare ta, ko da ba ta da mutunci."

Sai ya zana hudar kawai, da ɗan garin da ta turo waje. Ramar suri ita ma ta yi 'ya'ya a lokacin, kuma a nan ne abin ya ɗaure masa kai. Ya san 'ya'yan rama, ƙanana ne masu ƙaiƙayi. Waɗannan kuwa masu tsini ne, jikinsu da ƙananan ramuka kamar fuskar mai zanzana. Ya nuna wa Aƙilu, Aƙilu ya ce rama ce da ƙasar suri ta lalata. Shitu ya sa ɗaya a gindin ƙwarya ta biyar, don hannunsa ya riga ya saba.

Kaka ta yi, aka yanke dawa, auduga ta fashe gona ta yi fari. Mata suka shiga tsinka. Shitu na zaune gaban wani ƙululu da ya buɗe, yana ƙirga ɗakunansa, sai Aƙilu ya zo ya zauna kusa da shi a kan kunya, abin da bai taɓa yi ba.

"Nawa ka samu?"

"Huɗu. Wasu biyar. Yawanci huɗu."

Aƙilu ya ɗauki ɗan hoge yana farfasawa.

"Hajo ta ce ta taɓa jin Inna na cewa ta gidansu ɗaki uku gare ta." Hajo matar Aƙilu ce. "Shitu, guryar nan da ka kawo ba ta isa kunya biyu ba, kuma ta tsufa. Na ga in na shuka ta ita kaɗai gonar za ta yi giɓi. Sai na juye ta cikin tawa na cuɗa. Na ce auduga ai auduga ce."

"Yaya!"

"Na sani. Ba sai ka faɗa ba. Tata ba ta tsiro ba, tawa ce ta fito. Yanzu abin da za ka yi, ka zana mata uku. Tsohuwa ce, ba ta gani, kwana nawa ya rage mata? Ta mutu da farin ciki mana. Wa zai sani?"

Aƙilu ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, ya ce ranar Juma'a za a gama tsinka, Asabar da safe Buba, wani Bafillatani, zai shigo da shanunsa su ci kara su bar taki, kamar kowace shekara.

Shawarar Aƙilu irin wadda mutane ke kira tausayi ce. Ba tausayi ba ne. Mutum ne ya yi ganganci da amanar uwarsa, yana neman ƙaninsa ya rufa masa da ƙarya, ya kuma sa wa ƙaryar sunan jinƙai. Amma kada a ce abin bai ja Shitu ba. Ya ja shi ƙwarai. A daren Laraba bai yanke komai ba, ranar Alhamis ya yi tafiyar wuni yana juya maganar. Ya ga yadda uwarsa ta rame. Uku ya fi huɗu sauƙin zanawa, ya ma fi kyau a jikin ƙwarya. Da safiyar Juma'a ya hura wuta ya sa ƙarfe, ya ɗauki gawayi ya shata ɗaki uku a jikin ƙwarya ta shida. Ya dube shi. Bai san yadda ɗaki uku ke zama a ƙululu ba, don bai taɓa gani ba. Abin da ya shata zanen kai ne, irin na masakin farko. Wata biyar da suka wuce da ba zai ga bambanci ba. Ya tofa yawu ya goge, ya zana huɗu.

Ya kai mata da hantsi. Ta ƙirga da yatsa. Ta sake ƙirgawa daga ɗaya gefen.

"Huɗu."

"Huɗu ne, Inna."



"Tun a ganye na sani. Na ce ko fure zai ƙaryata ni. Allah ya yi maka albarka, ba ka yi mini ƙarya ba." Ta ajiye ƙwaryar. "Ba ni sauran in kife su. Na gama da su."

Ya zaro su ɗaya-ɗaya yana miƙa mata, tana kifewa a gefen tabarma. Ta kife ta farko, ta kife ta biyu. Ta kife ta uku, tafin hannunta na kan gindin, za ta ture ta gefe, sai hannun ya tsaya. Yatsa ɗaya ya motsa. Ya bi wani abu, ya hau, ya sauka, ya sake hawa.

"Mene ne wannan?"

"Ba komai, gwajin ƙarfe ne. Wata rama ce a jikin suri."

"Ba ni ta huɗu."

Ta juya ta da kanta. Babban yatsanta ya faɗa cikin baƙin tabon da ke zuciyar furen, ya zauna a wurin. Ba ta nemi ta biyar ba, lalubo ta ta yi. Ta shafa tsinin, ta shafa ƙananan ramukan.

"Rama," ta ce. "Rama! Ni na haifi 'ya'ya biyu, ɗaya manomi ɗaya mai zane, a rasa wanda ya san auduga a cikinsu. Wannan ita ce, Shitu. Wannan ita ce ta ubana. Gindi nawa?"

"Ɗaya," in ji shi. "Yaya ya ce da yawa suka fito, 'yan gayya suka cire, sun ɗauka rama ce."

"Ta fashe?"

"Ba ta fashe ba tukuna. Inna, gobe da safe shanu za su shiga gonar."

"To me kake yi a nan?"

Ana sallame Juma'a ya kama hanya da ƙafa, da gatari da ƙaramin ƙoƙo a jaka. Rana ta faɗi masa a Funtua, wadda a lokacin ƙaramin gari ce, ya kwana a zauren wani mai saye masa ƙorai. Ana idar da asuba ya wuce. Duk da haka hantsi ya yi kafin ya hango gonar, kuma tun daga nesa ya ga farare da jajaye sun bazu a cikinta.

Ya shiga da gudu yana ɗaga gatari yana ihu. Wata jar saniya na tsaye a jikin surin, ta miƙa wuya ta gefen magaryar, tana tauna. Ya daka mata ƙotar gatari a gindi ta yi tsalle. Buba, mai shanun, ya taho da sandarsa a wuya, bai ko yi sauri ba.

"Kai Kaɗo, lafiya? Mai gona ne ya ce in shigo. Me saniyata ta ci maka?"

Shitu ya durƙusa yana haki ya leƙa. Saniyar ta cinye duk rassan da ke waje, ganye da 'ya'ya. Reshe ɗaya ne ya shige cikin ƙayar magarya inda harshenta bai kai ba. Ƙululu uku ne a jikinsa.

Buba ya leƙo ta kafaɗarsa.

"Tun daga Maska ka taho da gudu don rama? In miya ce ta yi muku wuya, ka zo ruga a ba ka nono."

"Auduga ce. Riƙe mini reshen nan in sara."

Buba ya yi dariya har ya dafa suri, amma ya riƙe. Suka sari ƙaya suka kewaye wurin har ya kai ƙirji. Aƙilu ya iso ana cikin aikin. Shitu ya gaya masa a taƙaice. Aƙilu ya daɗe yana kallon tsiron, sannan ya ce, "Da hannuna na cire wasu." Ya karɓi gatarin ya ƙaro ƙaya, fiye da yadda ake bukata.

Kwana tara Shitu ya yi a Tsiga. Kullum yana bakin surin daga safe zuwa la'asar, yana korar awaki, yana kallo. Ɗaya daga cikin ukun ya yi baƙi ya faɗi, tsutsa ta riga ta shige shi. A rana ta bakwai na biyu ya tsage daga tsini. Bai buɗe baki sosai kamar na gonar ba, kuma kansa ƙasa yake kallo. Ɗaki uku. Shitu ya kwanta rigingine a ƙasa ƙarƙashin ƙaya don ya gan shi da kyau, ya shata a jikin ƙoƙon. Ba haka ya shata shi ba ranar da ya so yin ƙarya, ko kusa. A rana ta tara na ukun ya buɗe. Ya tsinke su da kwasfarsu, ya sa a ƙoƙon, ya rufe da faifai.

Ya ƙona zanen a murhun Hajo kafin ya taho. Ƙululu ɗaya ne kawai a jikin ƙoƙon, da ganye ɗaya, babu ado ko na layi.

Tsohuwa ta fara shafa wajen, sannan ta ɗaga faifan ta sa hannu. Ta ɗauki ƙululu ɗaya ta ƙirga ɗakunan. Ta ja gashin, ya ƙi rabuwa da gurya, ta ja da ƙarfi. A nan ne ta yi murmushi, na farko tun damina.

"Mai taurin kai. Ita ce."

Ba ta yarda an kai magurji ba. Da farce ta cire guryar ɗaya-ɗaya, ta wuni tana yi, ta samu talatin da ɗaya. Ta raba biyu. Goma sha shida ta mayar cikin ƙoƙon ta ce na bayan ɗaki ne, Shitu zai shuka, kuma shi zai yi shinge tun kafin ruwa ya sauka. Goma sha biyar ta ƙulle a tsumma.

"Wannan ka kai wa yayanka. Ka haɗa masa da ƙwarya ta uku. Ka ce ranar gayya ya kife ta a bakin gona, kowa ya ga gindinta kafin ya ɗauki fartanya."

"In ce kin yafe masa?"

"Ka ce masa abin da na ce."

Ta jawo ƙoƙon ta sake bin ganyen da yatsa, a hankali, yatsa ɗaya bayan ɗaya. A na huɗu ta tsaya.

"Nan babu haƙori."

"Wannan ganyen ba shi da shi a nan, Inna. Na duba sau uku."

Ta sake shafa wurin.

"To bar shi haka," ta ce, ta lalubo mazarinta.